Azumin da Muka Kwance Bindigar Jamus

Bana azumi ya sake faɗowa tsakiyar bazara, cikin irin zafin nan na Malanbil da in ka taɓa ƙofar kwano da azahar sai ka janye hannu. Shekaranjiya ina kwance ƙarƙashin rumfa da jiƙaƙƙen tsumma a kai, ɗiyata ta shigo da ƙanƙara cikin leda tun la'asar ba ta yi sanyi ba, ta ce gara a saya da wuri kafin ta ƙare. Sai na zauna ina lissafi, na ga ashe wata ya zagayo daidai inda ya same mu shekara talatin da 'yan kai baya, shekarar da aka fara jefa ƙuri'a a ƙasar nan bayan dogon mulkin soja. Wancan azumin ba mu da ƙanƙara. Hatsi ma sai da dabara.

Ni maƙeri ne, ɗan maƙeri. Ubana ya ƙetaro kogi daga wajen Gaya tun ina goye, ya kafa maƙerarsa a bayan kasuwa, ni kuma na gaje ta. A lokacin da nake ba da labarinsa ina da mata, Mariyama, da yara biyu, na uku yana nono. Daminar da ta gabata ta yi mana gardama. Ruwa ya sauka da wuri, aka yi shuka, sai ya ɗauke daidai lokacin da gero ke fid da kai. Mutanen ƙauyukan Tumbutu da Madikali, waɗanda su ne masu kawo mini gyaran hauya da lauje su biya ni da hatsi, sun zo hannu sake. Kafin watan azumi ya tsaya rumbuna ya koma gidan ɓeraye, su ma ɓerayen sun fara ƙaura. Ƙarfe kuma ya yi wuya. Tsohon rasor na mota, wato ƙarfe mai lanƙwasa ya miƙe da ke ɗauke nauyinta, wanda da shi muke ƙera kalme da sungumi, masu saye daga hayin kogi sun kwashe.

Yinin azumin duk iri ɗaya ne. Da asuba mu sha kunun tsamiya marar kauri da ɗan ragowar tuwon masara, in yi salla, in hura wuta tun gari bai gama wayewa ba, domin da hantsi ya ɗaga babu mai iya tsayawa gaban gawayi. Daga nan sai neman inuwa. Kogi ya janye ƙwarai, har tsibiran yashi suka fito a inda jiragen ruwa ke wucewa da. Maza kan je su kwanta cikin ruwan da bai wuce gwiwa ba, bakinsu a rufe gam don kada azumi ya karye. Mata suna layi a rijiya, guga na fitowa da rabin laka. Da yamma hadari ya kan taso daga gabas, ya yi baƙi, mu ɗaga kai, sai iska mai zafi ta watsa shi. Buɗa-baki kuwa ruwan randa ne, da kwaɗon zogale, da garin rogo da aka jiƙa aka yayyafa wa ƙuli. Ran da aka samu kifi, yara har maƙwabta suke gaya wa.

Akwai wani tsoho maƙwabcinmu da kowa ke kira Baba Kafaran, saboda ya yi sojan Faransi ya fito da igiya biyu. Dogo ne siriri, ba ya son magana. An san ya je yaƙin Turawa, amma ba wanda ya taɓa jin labarin daga bakinsa. Tun da matarsa ta rasu ya mai da maƙerata wurin zamansa. Ya kan zo bayan sallar asuba, ya zauna kan turmi, ya karɓi zuga-zugi yana yi mini zuga a hankali, wai don kada hannunsa ya mutu. Mu kan yi rabin safiya ba mu ce wa juna komai ba sai gaisuwa.

Ran huɗu ga wata, Sumana mai bulo, wani Dendi da ke haƙar laka a tsohuwar mashigar jirgi, ya turo burweti, wato baro, an rufe da ciyawa. Ya ce mini da Dendanci ya tono wani ƙarfe a gaɓar da ruwa ya janye, yana so in karɓa in ƙera masa dagi sabo a madadinsa. Abin dogo ne, ya kai ƙirjin mutum in an tsai da shi, an naɗe shi da tamfol ninki-ninki, an ɗaure da waya. Na ɗaga na ji nauyi, raina ya yi fari. Na ba shi dagin da na riga na ƙera, ya tafi.

Ranar Baba bai zo da wuri ba. Na yanke wayar, na ɓamɓare tamfol ɗin da ya manne da wani baƙin man giris da ya daskare kamar kwalta. Na ga dai siffar bindiga ce, da gindi da kunama, amma ban taɓa ganin irinta ba, kuma a idona tsohon ƙarfe ne da ya mutu. Gabanta wani dogon kwano ne mai huji-huji, a cikinsa ana hango bututu mai kauri. Bututun nan nake so. Na yi niyyar in ɗora ta kan wuta man ya narke, sa'an nan in sare. Har na kwantar da tsakiyarta bisa garwashi na kama zuga da kaina, sai na ji an fizge ta. Baba ne. Ban san yana da sauran ƙarfi haka ba. Ya ja ta har tsakar gida, ya kwashi ƙasa da hannu biyu ya zuba inda ta fara ɗumi, ya juya bakinta ya fuskanci katanga.

Ya daɗe yana tsaye a kanta yana numfashi. Sa'an nan ya ce, "Maƙeri, ba a sa bindiga wuta sai an leƙa cikinta. Wagga ta Alman ce, ƙirar Jamus. Na san ta kamar yadda ka san masaɓarka."

Abin da ya kamata mu yi a ranar shi ne mu kai ta wurin jandarma. Mun sani. Ana cikin hidimar zaɓe, sojoji sun cika bakin gada, duwan, wato 'yan kwastan, suna zazzage kowane buhu, kuma ni ɗan hayin kogi ne ko da a nan na girma. In aka sami irin wannan abu a gidana ba wanda zai tsaya jin labarin Sumana. Amma Baba ya ce ba za a tura ta cikin gari a burweti ba alhali ba a san abin da ke cikinta ba, sai an buɗe tukuna. Wannan gaskiya ce. Sai dai akwai wata gaskiyar da ba mu faɗa wa juna ba: ni ina so in ga yadda aka ƙera ta, shi kuma hannunsa ya riga ya fara bin jikinta yana neman maɓallai. Muka shigar da ita ɗakin gawayi muka sakaya ƙofa da zana.

Na samo gazwal, wato man dizal, wajen wani makanike, muka tsaga tsohuwar gangar ƙarfe muka yi kwami, muka jiƙa ta. Kullum da hantsi, in na kashe wuta, maimakon in nemi inuwa sai mu shige ɗakin nan mai warin mai, gumi na zuba, maƙogwaro a bushe. Baba ya hana ni amfani da guduma. Da tsinken kara da tsohon buroshin haƙori da tsumma muka yi ta sakace man da ya daskare. Wanda ya binne ta ya san abin da yake yi, don tsatsa ba ta ci ba sai a gefen da tamfol ya yage. Kwana uku muka yi kafin murfin sama ya yarda. Baba ya tura wani ɗan maɓalli da babban yatsa, murfin ya ɗaga kamar bakin kada, ya nuna mini hanyar da ɗamarar harsashi ke shiga ta hagu, da wasu 'yan haƙora da ke jan ta ɗaya bayan ɗaya. Bayan kwana biyu kuma mariƙin da ke gefen dama ya motsa. Muka ja shi baya mu biyu har ya maƙale. Sai Baba ya doki wata 'yar ƙofa a gefen kwanon nan mai huji da tafin hannunsa, ta buɗe, gindin bututun ya leƙo waje da kansa. Ya zare shi kamar ana zare kara daga dami.

Ya ɗaga bututun wajen haske ya leƙa, bai ga rana ba. Ya juyo mini gindinsa. Akwai harsashi a ciki, jan ƙarfensa ya yi kore, ya manne. A tsakiyar gindin harsashin akwai ɗan lotsawa. Baba ya ce an taɓa buga shi bai tashi ba, kuma irin wannan shi ne mafi rashin tabbas. Na dubi inda zai fuskanta da na bar ta kan wuta. Saitin ƙofar gida ne, inda Mariyama ke zama tana tankaɗe da safe, yaro a bayanta. Ban gaya mata ba sai bayan shekaru. Muka tsiyaya masa gazwal yini biyu, sa'an nan Baba ya tura sandar itace ta baki, a hankali, har ya faɗo cikin kwanon yashi. Ya binne shi cikin yashin ya ajiye can nesa da wuta.

Daga nan ne ya kamata a ce mun gama. Ba mu gama ba. Baba ya murɗa gindin ya cire, wani dogon rasor ya biyo, sa'an nan ƙarfen da ke kai da komo a ciki, wanda yake kira kilas. Muka jera su kan buhu. Ni da na tashi ina ganin kowane ƙarfe sai an sa shi wuta an doke shi kafin ya ɗauki siffa, sai ga shi yawancin jikinta ba a doke shi ba. Falle ne na ƙarfe aka danna cikin wani abu ya fito da lanƙwasarsa, kamar yadda mata ke fid da waina daga tanda, kowace daidai da 'yar'uwarta. Na yi ta shafawa ina neman sawun masaɓa ban samu ba. A kan kilas ɗin akwai wasu 'yan ƙarafa biyu masu mirginawa, ba su fi ƙwayar gurjiya ba. In ya je gaba sai su buɗe su kama gindin bututu, in ya dawo su koma ciki su sake shi. Na yi yini guda ina tura su da yatsa. Kowane yanki da lambarsa, wasu har da ɗan hoton tsuntsu da aka buga ƙanƙane. Na tambayi Baba maƙera nawa ne suka yi wannan aiki. Ya ce shi dai an gaya masa mata ne ke yi a manyan gidajen ƙira, kowace da abu ɗaya da take bugawa tun safe har dare, ba ta ma san inda zai shiga ba.

A ɗakin gawayin nan bakinsa ya buɗe. Ba a jere ya ba ni labarin ba, kullum ɗan guntu, yana goge ƙarfe yana magana ba ya dubana. Ya ce yana saurayi aka ce kowane gari ya ba da mutum, aka ba da shi. Jirgin ruwa ya kai su ƙasar Larabawa, daga can aka sauke su a gaɓar Faransi, suka yi ta tafiya arewa har duwatsu, har sanyi ya same su. A wani daji suka ci wani ramin sojan Jamus, suka tarar da irin wannan bindiga da akwatunan harsashinta. Sarjan ɗinsu Bature ya ce a juya ta, don ta fi tasu. Aka ba wani soja Bamosi harbi, shi Baba aka sa shi na biyu: shi ke riƙe ɗamara don kada ta murɗe, shi ke ɗaukar bututun canji a baya, shi ke sauyawa in wanda ke ciki ya yi zafi. Ya ce tana cin harsashi da sauri har bututu ya kan yi ja, in ba a canza ba sai ta lalace ko ta tashi da kanta. Akwai wani tsumma mai kauri da ake kamawa da shi. Wata rana tsumman ya ɓace, ana ta ruwan wuta, ya kama da hannu. Ya buɗe mini tafin damansa. Shekara nawa ina ganin wannan farin tabo mai santsi, na ɗauka ƙunar yarinta ce.

Ya koya mini kula da ita kamar gobe za a tura ni. Kada a cika mata mai, ɗan kaɗan a inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, don mai da ƙasa in sun haɗu sun zama magagari. A can kuma sanyi ne abokin gaba, man ya kan daskare, sai ya cire kilas ya naɗe ya sa cikin rigarsa ya kwana da shi. Kullum a duba rasor ko ya gajarta. A wanke bututu tun yana da ɗumi. Kada a aje murfi a ƙasa. Ya ce su kan ci abinci bayan ita ta ci. Ya sa ni in zare bututun in mai da shi yana ƙirga da Faransanci, in na kai goma sha biyu ya girgiza kai ya ce da tuni an binne mu. Shi da tsufansa, ido rufe, bai wuce shida ba. Ban taɓa ganin ya yi dariya ba sai ranar. Ya ce kafin yaƙi ya ƙare aka janye baƙaƙen fata duka, aka karɓe musu riguna da takalma aka ba Turawa 'yan ƙasar, bindigar ma aka miƙa wa wasu, bai ko yi sallama da ita ba.

Wanda ya binne ta a gaɓar kogimmu kuwa, mun yi ta juya maganar ba mu cim ma komai ba. Baba ya ce bayan yaƙi Faransi ta kwashi makaman Jamus da yawa ta watsa barikokinta, ko wani ya sato. Ni na ce ko masu fasa-ƙwauri ne aka biyo suka ɓoye. Abin da ya fi damuna shi ne harsashin nan da aka buga bai tashi ba. Wa aka nufa da shi? Ko mutumin ya rayu ya tsufa bai san komai ba?

Muna wannan, goman tsakiya ta wuce, gida kuma na ƙara tsanani. Masara ta ƙare, muka koma garin rogo safe da dare. Nonon Mariyama ya ragu, yaron yana kuka da rana har muryarsa ta dushe. Ta sayar da tasoshinta biyu ba ta gaya mini ba. Wata yamma tana zuba mini ruwan buɗa-baki ta ce, ba da faɗa ba, ita ba ta taɓa ganin mutanen da ƙarfe ke ƙosarwa ba sai mu. 

Ran ashirin da biyu ga wata muka harhaɗa ta. Baba ya kafa ta kan ƙafafunta biyu, ya kwanta rub da ciki a bayanta cikin garin gawayi, ya sa gindin a kafaɗa. Ya ja mariƙi baya, ya taɓa kunama. Kilas ya ruga gaba ya doki wurinsa da wata ƙara mai tsabta, irin ta abin da ba shi da ciwo ko kaɗan.  Na ji daɗi irin wanda ban taɓa ji ba a kan wani aiki nawa, kuma ban ɓoye wa kaina ba. Baba bai tashi da wuri ba. Da ya tashi ya ce lafiyarta lau, harsashi kawai take jira.

Sumana bai iya riƙe bakinsa ba. Washegari da la'asar sai ga wani ɗan kasuwa da ake kira Alhaji Dogo, mai safarar kayan mota tsakanin nan da hayin kogi. Ya gaishe ni da kyau, ya zauna, ya ce ya ji an kawo mini tsohon ƙarfe, shi kuwa yana da masu son tsofaffin kaya can arewa. Bai ambaci sunanta ba, ni ma ban ambata ba. Ya ce in tana motsi, zai sauke mini buhu shida na gero a ƙofar gida kafin salla, ba wanda zai ga shigarsu, ba wanda zai ga fitarta. Ya ce in yi shawara, zai dawo jibi.

Buhu shida zai kai mu har sabon hatsi. Ba zan yi ƙarya ba, na so. Na ce a raina ba ni na ƙera ta ba, ba ni zan harba ba, kuma in ban sayar ba jandarma za su ɗauke ta a banza. Baba yana zaune ya ji komai. Mariyama ma ta ji daga bayan zana. Bayan tafiyar Alhaji ta fito da yaron a kafaɗa. Na ɗauka za ta ce in karɓa, kuma ina jin da niyyar da ta fito ke nan. Amma sai ta durƙusa gefen tsohon ta ce, "Baba, ni ban san komi ba ga wanga abu. In an ɗora ta bisa hanya, motar kasuwa ta taho cike da mutane, mutum nawa za ta samu?"

Baba ya dubi ƙasa. Ya ce, "Ɗiyata, kafin ki sauke yaron nan daga kafaɗa ki aza shi bisa tabarma, babu sauran mai motsi cikin motar."

Ta jijjiga yaron. Sa'an nan ta tashi ta ce mini garin rogon da ya rage zai kai kwana huɗu in an bi shi a hankali, ta koma ciki.

Da asuba na hura wuta. Baba ya shiga ɗakin gawayi ya fito da kilas a hannu, ya goge shi tas da gefen rigarsa kamar yadda ya saba, ya miƙo mini. Shi ya yi zuga. Ƙarfen ya daɗe kafin ya yi ja, ƙarfe ne na gaske. Na ɗora shi kan uwar maƙera na doka. 'Yan ƙarafan nan biyu da na yi yini ina wasa da su suka lotse suka shige cikin juna. Na yi ta duka har ya koma kamar ɓawon rogo. Hannuna ya yi aikin, amma raina bai so ba, kuma har yau in na tuna kyan aikin da na ɓata sai in ji wani abu.

Baba ya je gida ya sanyo tsohuwar rigarsa mai lambobi uku a ƙirji. Muka ɗora ta a burweti, da kwanon yashin nan, da kilas ɗin da ya mutu, muka bi tsakiyar gari da hantsi ba mu rufe komai ba. Baba ya ce abin da aka rufe shi ake zargi. Mutane suka yi ta darewa. A birgad, ofishin jandarma, aka raba mu, aka zaunar da ni kan benci har azahar ana tambayata abu ɗaya ta hanya biyar. Aka je aka zo da Sumana, ya nuna musu ramin. Kwamandan ya tambayi dalilin da ya sa muka riƙe ta kwana ashirin, Baba ya ce ba ya kai wa hukuma bindiga da harsashi a ciki, kuma tsoho ba ya sauri. Kwamandan ya dube shi ya dubi lambobin, bai ƙara ba. Shi kansa ya yi ta juya ta yana neman inda ake buɗewa, daga ƙarshe ya ce wa Baba ya nuna masa. Jandarmomi suka kewaye tebur kamar 'yan lakwal a gaban malami. Aka rubuta takarda, na dangwala yatsa, aka ce mota za ta kai ta kudu. Ba a ba mu komai ba, ba a kuma riƙe mu ba.

Sauran bazarar mun sha wuya. Alhaji Dogo bai sake gaishe ni ba har ya bar garin. Mun ci ganye, mun ci dusa, Mariyama ta koma wankau a gidajen ma'aikata. Da kuɗin fanshonsa ya zo, Baba ya aiko da rabin buhun masara, ya ce na yaron ne. Ruwa bai sauka ba sai da babbar salla ta kusa, amma da ya sauka ya zauna. Yanzu yaran unguwa sun san sunayen bindigogi fiye da sunayen kifin kogi, suna jinsu a waya da bakin matafiya. A lokacin mu, guda ɗaya marar harsashi ta isa ta tsai da kasuwa.

Ranar da muka dawo daga birgad ɗin, rana ta yi ƙasa, muka zauna a maƙera muna jiran kiran salla, ƙafafummu sun yi fari da ƙura. Mariyama ta ajiye mana kwanon ruwa ta koma. Na ce, "Baba, na ga cikinta, na ga wajenta. Abu guda ya rage mini. Ban ji kukanta ba."

 Ya miƙa hannu ya ɗauki wani tsohon zane da muke yanka muna goge mai, ya kama bakinsa da hannu biyu, ya ja da ƙarfi. Zanen ya yage tun daga wannan gefe har wancan, da dogon sauti guda marar yankewa.

Ya ce, "Haka. Ba ka jin ɗaya-ɗaya. Sai dai shi zane yana ƙarewa."

Ladan ya kira salla. Na ɗauki kwanon na miƙa masa. Ya karɓa ya riƙe a cinya, yana kallon ruwan, har na yi zaton bai ji kiran ba. Sai da na ce masa an sha ruwa, sa'an nan ya yi bisimilla ya kai baki.